Wasiƙa Zuwa ga Masu Horar da Karen Farautar Fezan



Na rubuto muku ne, ku ƙannena da kuka fara riƙon karen tsuntsu a jihohin tsakiyar Amurka, da kuma abokan farautarmu na gida da ke son jin yadda ake yi a nan. Abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami shi ne yawan karnuka masu kyau da na gani sun lalace tun ba su cika shekara ba. Kusan duk wanda na bi diddigin labarinsa sai in tarar kare bai yi laifin komai ba, mai shi ne ya yi gaggawa. Ni ma na taɓa yin irin wannan gaggawar, kuma zan gaya muku yadda ta kasance.

Sai mun san tsuntsun tukuna kafin mu san karen da ya dace da shi. Fezan dangin zabo ne da fakara, asalinsa daga Asiya. Owen Denny, ƙaramin jakadan Amurka a Shanghai, shi ya aiko da waɗanda aka saka a kwarin Willamette na jihar Oregon a 1882, suka hayayyafa. Dakota ta Kudu ta buɗe farautarsa karon farko a 1919, a 1943 kuma ta ɗauke shi a matsayin tsuntsun jiha. Har yau a can doka ta ce zakara kaɗai ake harbi, guda uku a rana, macen kuwa ba a taɓa ta. Zakaran ba ya ɓuya idan ya tashi: jan fuska, farin zobe a wuya, doguwar jela, ga kururuwa. Amma kafin ya tashi ɗin, nan aikin yake. Wanda ya taɓa bin fakara a gonar dawa bayan girbi ya san halin. Fezan ya fi yarda da ƙafarsa a kan fiffikensa. Yana jin motsinku zai sunkuyar da kai ya bi kunya da gudu, ya zagayo ta bayanku, ko ya laɓe har ku wuce shi da taki biyu. Tsohon zakaran da ya tsallake harbin Oktoba da Nuwamba, ƙarar rufe ƙofar mota kawai ta ishe shi ya fice ta ɗaya ƙarshen gonar. Duk abin da zan faɗa a kan kare, daga wannan gudun ya samo asali.

Karnukan aikin nan kashi biyu ne. Akwai masu tayarwa, irin su Springer da Labrador, waɗanda ke kai-komo a gabanka, in sun ji ƙanshi su matsa wa tsuntsu har ya tashi. Akwai kuma masu nuni, irin su Brittany da Setter da mai gajeren gashi na Jamus, waɗanda ke faɗaɗa nema, in sun sami tsuntsu su daskare wuri guda su jira ka. Gardamar wanne ya fi ba ta ƙarewa, ni kuwa na daina shiga cikinta. Ka dubi inda za ka yi farauta. Idan yawancin wurinka fadama ce mai kachala da ta fi ka tsawo, da bakin gonar masara, mai tayarwa zai fi yi maka amfani, domin a cikin kachala ko kare ya yi nuni ba ka ganinsa. Idan kuwa faffadan filin ciyawa ne kamar na yammacin Kansas da Nebraska, kana kuma tafiya kai kaɗai, mai nuni zai rage maka wahalar ƙafa.

Wajen zaɓen kwikwiyo nan mutane suka fi ruɗin kansu. Mai sayarwa zai ɗauko sanda da zare, ya ɗaura fiffiken tsuntsu, ya wurga gaban 'yan kwikwiyo masu mako 7, ɗaya ya tsaya cak ya ɗaga ƙafa, kowa ya yi ta mamaki. Wannan wasa ne na ido, aikin da kake nema kuwa na hanci ne. Kwikwiyon da ya tsaya wa fiffike yau ba lallai ne ya tsaya wa ƙanshi baɗi ba, kuma yawan yi masa wasan yana koya masa ya jira sai ya gani kafin ya tsaya, abin da fezan ba zai taɓa ba shi dama ba. A wannan shekarun abin da za ka iya dubawa da gaske shi ne iyaye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka nemi a kai ka daji ka ga uwar tana aiki a kan tsuntsu, uban ma in zai yiwu. Ka lura ko tana waiwayen mai ita tana neman inda ya dosa, ko kuwa farautar kanta take yi. Ka dubi yadda take a gida bayan an dawo, domin wata 9 cikin 12 a gida za ka zauna da karen nan. Sannan ka nemi takardun lafiya. Gidauniyar OFA ba ta ba da cikakkiyar shaidar lafiyar ƙugu sai kare ya cika shekara 2, saboda haka na iyayen za ka nema. Idan Labrador ne, ka tambayi gwajin ciwon nan da ke sa ƙafafun baya su saki bayan 'yan mintoci na aiki mai tsanani. Masu bincike a Jami'ar Minesota sun gano ƙwayar gadon da ke jawo shi a 2008, gwajin kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da baƙin cikin ganin karenka ya zube a tsakiyar fili. In iyaye sun yi, cikin 'ya'yan ka ɗauki wanda ba ya tsoron mutane, ba ya kuma maƙalewa a lungu. Sauran sai Allah.

Makonnin farko a hannunka suna da nauyi fiye da yadda ake zato. Scott da Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin karnuka a Bar Harbor suka fitar da littafinsu a 1965, sun nuna cewa daga wajen mako 3 zuwa mako 12 ne kwikwiyo ke ƙulla sabo da mutane da duniyar da ke kewaye da shi. Ka fita da shi. Ya shiga mota, ya taka ciyawa mai raɓa, ya tsallake kwalbati, ya ga shanu ta bayan shinge, ya jiƙa ƙafa a ruwa maras zurfi ranar da babu sanyi. Ka riƙa yawo da shi a fili bakinka a rufe, in ya yi nisa ka juya wata hanya ba tare da ka kira shi ba. Da kansa zai gane cewa kula da inda kake aikinsa ne. Wannan darasi guda, in ya shiga tun yana ƙarami, zai hutar da kai busa usur na shekara 10.

Daga nan sai tsuntsu, kuma tsuntsu kafin komai. Hanci da kwaɗayin tsuntsu gado ne, ba mai horarwar da zai iya cusa su a cikin karen da ba shi da su. Abin da ke hannunmu shi ne mu farkar da su, ko mu kashe su. Ka fara da tattabara, domin tana da ƙanshi mai ƙarfi, ba ta da tsada, in kuma ta gida ce za ta koma ɗakinta ka sake amfani da ita gobe. Ka bar kwikwiyo ya shinshina, ya bi, ya kora ta har ta ɓace masa. Kada ka tsawata, kada ka ce masa tsaya. Kana so ne wutar ta kama sosai. Abu guda da zan roƙe ku: kada ku jefa wa ɗan wata 4 zakaran fezan mai rai. Zakaran ya haura kilo guda, yana da ƙaya mai kaifi a bayan ƙafa, yana kuma dukan fuska da fiffike. Kwikwiyon da ya sha wannan ɗayan biyu ne, ko ya ji tsoron tsuntsu, ko ya koyi cewa sai ya murƙushe shi kafin ya ɗauka. Dukansu gyaransu da wuya.

Yanzu ga nawa labarin. Karyata ta farko 'yar wata 6 ce lokacin da na kai ta filin da ake koyon harbi, da niyyar ta saba da ƙara. Na ɗaure ta jikin mota, mutane suna ta harbi kusa da mu. Ba ta yi kuka ba, ta dai kwanta tana rawar jiki, ni kuwa na ɗauka haƙuri take yi. Ranar buɗe farauta, harbin farko da aka yi ta juya ta koma ƙarƙashin mota. Mafi muni, bayan mako biyu sai na ga tana jin ƙanshin tsuntsu ta kauce masa, domin ta haɗa lissafi cewa tsuntsu ne ke kawo wannan ƙarar. Na yi shekara guda cur ina ƙoƙarin gyara ɓarnar yini ɗaya, kuma har ta tsufa ba ta zama abin da jininta ya nuna za ta zama ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin hancinta ya fi na duk karen da na riƙe bayanta.

Yawanci ba a haifar kare da tsoron bindiga, mu ne muke sa masa. Hanyar da ta dace ba ta da wuya, haƙuri kawai take so. Sai kare ya haukace a kan tsuntsu tukuna. Ranar da ya bi tattabara da gudu, hankalinsa duk yana kanta, wani abokinka da ke tsaye nesa, kamar mita 80 ko 100, ya harba ƙaramar bindiga mai harsashin ƙara zalla, sau ɗaya. Kai kuma idonka a kan karen. Idan bai ko waiwaya ba, gobe a matso kaɗan. Idan ya tsaya, ko ya sauke jela, ko ya juyo yana kallonka, a ajiye bindiga mako biyu a koma tsuntsu kawai. Kada ka rarrashe shi a lokacin, domin rarrashin yana tabbatar masa cewa akwai abin tsoro. A haka a haka har a kai ga babbar bindiga a kusa, har ya zama jin ƙarar yana sa shi ɗaga kai yana neman abin da zai faɗo. Ku kuma tuna da wasan wuta na 4 ga Yuli. Daren nan kwikwiyo ya kwana cikin gida.

Biyayya kuwa, ba ta buƙatar kalmomi da yawa. Mu da muka tashi a gaban malamai mun riga mun ji ma'aunin. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kama, malaman fiƙihu kuma suka bayyana horarren kare da cewa shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Ban ga mai horarwa a ƙasar nan da ya zo da ma'aunin da ya wuce wannan ba. Zo, tsaya, tafi. Ga mai tayarwa, busa ɗaya ta usur ya zauna ko da yana tsakiyar bin sawu. Ga mai nuni, kalma ɗaya ya kafe ƙafa huɗu. Ana koyar da su ne a tsakar gida da doguwar igiya, minti 10 da safe minti 10 da yamma, babu tsuntsu a kusa, don kada zafin gyara ya shafi son tsuntsun. Ka faɗi umarni sau ɗaya ka tabbatar an bi. In ka saba faɗa sau uku, ka koya masa cewa biyun farko ba su da muhimmanci. Ka kuma tashi daga darasi tun yana marmarin ƙari.

Game da abin wuya mai lantarki, ra'ayina a fili yake. Yankin Wales ya haramta shi tun 2010, a nan kuwa kusan kowane mafarauci yana da shi. Na yarda yana ceton ran kare da ya bi barewa ya nufi titi. Amma ba ya koyar da komai, tunatarwa kawai yake yi a kan abin da kare ya riga ya sani da igiya. Wanda ya latsa shi cikin fushi, ko ya latsa lokacin da ƙaramin kare ke cikin ƙanshin tsuntsu, ya kama hanyar da na bi da karyata, bambancin kawai kayan aiki. In har ranka ya ɓaci, ka mayar da kare mota ka zauna ka sha ruwa.

Masu karnukan nuni suna da wurin auna abin da Allah ya ba karensu. Ƙungiyar NAVHDA, wadda aka kafa a 1969, tana da jarrabawar baiwa ga karnukan da ba su wuce wata 16 ba. Alƙalai suna duba hanci, da nema, da nuni, da shiga ruwa, da himma, da haɗin kai da mai shi, a kuma saki fezan da aka cire wa gashin fiffike a ga ko kare zai bi sawunsa. Ku je, ko da kallo ne, domin idon baƙo yana ganin abin da so ya rufe maka. Sai dai sakamakon labarin yini ɗaya ne. Na ga karen da ya ci maki cikakke ya zama na tsaka-tsaki, na kuma ga wanda a shekararsa ta farko malam-buɗe-littafi kawai yake kora, a ta biyu ya zama abin kwatance. Ni ba na yanke wa kare hukunci sai ya ga kaka biyu a kan tsuntsun daji. Abin da nake dubawa a lokacin ba shi da yawa: in ya rasa ƙanshi yana zagayawa ya sake nema ko yana dawowa ya tsaya gefena, yana shiga sarƙaƙiya da kansa ko sai an tura shi, kuma bayan awa uku yana farauta ko rakiya kawai yake yi.

Kakar farko ta karen ce, ka sa wannan a ranka tun kafin ka sayi lasisi. Kada ka kai shi irin farautar gayya da ake jera mutum 15 a gonar masara, wasu sun tare ƙarshe, tsuntsaye 30 su tashi lokaci guda bindigogi suna ta tashi. Wannan ya fi ƙarfin kan ƙaramin kare. Ku tafi ku biyu, kai da aboki ɗaya mai harbi, kai kuma hankalinka a kan karen. Ka shiga fili iska tana bugun fuskarku, don ta kawo masa ƙanshi. Sannan ka yi shiru. Wannan ita ce shawarar da ta fi wuyar bi. Kowace busa da kowane kira yana gaya wa zakara inda kuke, yana kuma ɗauke hankalin kare daga abin da hancinsa ke karantawa. Kai ba ka jin ƙanshin komai. In ya juya hagu alhali kai ka ƙudurta tsuntsu yana dama, bi shi.

A nan ne masu karen nuni ke shiga ruɗu. An koya wa kare cewa in ya tsaya kada ya motsa, ga shi kuma tsuntsun da ya tsaya wa ya riga ya yi mita 50 a guje. Idan ka matsa masa da tsawa duk sanda ya ɗaga ƙafa, za ka samu kare mai kyan hoto da ke nuna maka wurin da zakara ya taɓa zama. Gogaggen karen fezan yana tsayawa, ya ji ƙanshi ya yi sanyi, ya lallaɓa gaba, ya sake tsayawa, har ya ƙure tsuntsun a inda ciyawa ta ƙare. Wasu ma sukan koyi zagayawa su tare shi ta gaba. Ba ni da hanyar koyar da wannan, ban kuma san mai ita ba. Zakarun daji ne ke koyar da shi, ta hanyar tashi duk lokacin da kare ya matsa fiye da kima. Naka aikin guda ne: tsuntsun da kare ya afka wa ya tayar da gangan, kada ka harbe shi, komai kyan damar. In ka harba, ka biya shi lada a kan kuskure. Na san da ciwo mutum ya yi tafiyar yini ya ga zakara ya tashi a gabansa ya sauke bindiga. Zakaru biyar ko shida da ka bari a kakar farko su ne kuɗin makarantar.

Mai tayarwa kuma matsalarsa tazara ce. Bindigar tsuntsu ba ta da tabbas bayan mita 35 zuwa 40, tsuntsun kuma yana tashi ne yana ƙara nisa, don haka kare ya riƙa aiki cikin mita 20 daga gare ka. In jelarsa ta fara kaɗawa da sauri ya sa hanci ƙasa ya miƙe, ka ɗaga ƙafa ka bi shi, in ya fi ka sauri ka busa ya zauna har ka iso. Kada ka yi gudu da bindiga mai harsashi a ciki.

Bayan harbi ne ake sanin darajar kare. Zakaran da aka karya wa fiffike da ƙafafunsa yake sauka, kafin ka iso ya yi nisa. Kada ku tattake wurin da ya faɗi kuna nema da ido, kuna ɓata sawu. Ka kai kare wurin, ka tsaya, ka bar shi. In ya miƙe wata hanya har ya ɓace maka, kada ka kira shi, sau da yawa zai dawo da tsuntsun a baki. Ana shirya wannan tun a gida, a ja mataccen tsuntsu da igiya cikin ciyawa, yau mita 20, wani mako a ƙara nisa a sa kwana. In ya kawo maka, kada ka fizge. Ka durƙusa ka yaba masa yana riƙe da shi, sannan ka karɓa a hankali, domin kare da ake yi wa fizge shi ne ke koyon guduwa da tsuntsu ko danne shi da haƙori. Taushin baki a wurinmu ya wuce maganar kyan nama. Mun yi bisimilla lokacin harbi, in kuma kare ya kawo shi da sauran rai sai mu yanka, saboda haka wuƙa mai kaifi ba ta barin aljihuna.

Saura lafiyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: karen da ya kwana a kan kujera tun Janairu ba zai iya yinin Oktoba ba, sai an fara fita da shi da sassafe tun watan Agusta ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Zafi ya fi sanyi kashe karnukan farauta. A Dakota ta Kudu ana buɗewa ne Asabar ta uku ta Oktoba, ba a kuma fara harbi sai rana ta ɗaga, kuma a buɗewar 2003 da aka yi zafi, karnuka masu yawa sun mutu a ƙarshen mako guda. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma mai kwaɗayin tsuntsu ba zai tsaya da kansa ba. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne, in ya kai 41 rai ake magana. Ka ɗauki ruwa a jikinka ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ka ga harshe ya faɗaɗa ya yi ja sosai, ko ƙafafun baya suna tangaɗi, ko ya daina jin kira, farauta ta ƙare. A kai shi inuwa, a jiƙa masa ciki da hammata da ruwa mai sanyi, a nufi likitan dabbobi. Kada ka bar shi ya sha daga tafkin da ruwansa ya yi kore kamar an zuba fenti, wannan gansakukar tana da dafin da ke kisa cikin awoyi.

Duk sanda kuka dawo mota, kafin ka zuba wa kanka shayi, ka ɗora shi a bayan motar ka duba shi daga hanci zuwa jela. Ka buɗe fatar ido, 'ya'yan ciyawa suna taruwa a ciki. Ka duba kunne da tsakanin yatsu. A ƙasa mai yashi ta Nebraska da Kansas akwai 'yar'uwar ƙarangiyarmu, in wurin da yawa sai ka sa masa takalmin karnuka. Wadda ta fi haɗari ita ce ƙaiƙayin wasu ciyayi mai kan kibiya, wanda ke huda fata ya yi ta tafiya cikin jiki har ya kai huhu, sai bayan makonni ka ga kumburi ko zazzaɓi ba ka san dalili ba. In haka ta faru ka gaya wa likita irin ciyawar da kuka shiga. Ka shafa ƙirji da cinyoyi da hannu, domin yankan waya mai ƙaya yakan ɓuya cikin gashi, kare kuma ba zai nuna maka ba. Lambar likitan dabbobi mafi kusa da inda za ku yi farauta, ka rubuta ta a takarda ka ajiye a mota tun daga gida, domin a yawancin filayen nan waya ba ta samun sabis.

Wanda ya sami kwikwiyo bana yana son tattabarun farawa, ina da su, ya zo ya ɗiba. Ku gaishe mini da mutanen gida.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a farauta